Rage Ƙiba da Abincin Ruwa Zalla: Jawabi ga Malaman Reshe



An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan wani abu da ya shigo ofisoshin malamai ta cikin jakunkuna da ta WhatsApp: garin da ake damawa a sha a maimakon abinci, da shayin rage tumbi, da tsarin nan na yin mako biyu ko wata guda ba a sa komai a baki sai ruwan 'ya'yan itace. Sau da yawa mai sayarwar ɗayanmu ne, kuma bashi yake bayarwa sai albashi ya shigo, don haka kunya take hana mu yi masa tambaya.

Wanda ya gwada zai ce ya hau sikeli ya ga ragi a makon farko, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan ninki uku. Da an daina cin abinci ita ce take fara ƙarewa, ruwan ya bi fitsari. Yawancin ragin farko ke nan, kuma ranar da aka koma wa tuwo zai dawo. Idan aka zarce da ruwan lemo ko zoɓo, waɗanda babu sinadarin gina jiki a cikinsu, jiki yakan juya ya ci tsokarsa. Daga nan sai jiri, da ciwon kai, da saurin fushi, bayan wata biyu ko uku kuma gashi ya soma zuba. Saurin ramewa yana kuma haifar da tsakuwa a maɗaciya, wadda takan kai mutum ɗakin tiyata. Mu da muke tsaye gaban allo tun daga taron safe har a tashi, mu tambayi kanmu wa zai sha wannan fushin in ba yaran aji ba.

Shayin rage tumbi kuwa, da yawansa ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani da wankin ciki. Su sau ɗaya suke sha idan ciki ya ɗaure, ba kullum ba. Gudawar da yake sawa ba ta taɓa kitse. Ruwa take kwashewa da sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A Amurka, a 1977, mutane da dama sun mutu bayan sun yi watanni suna rayuwa a kan wani ruwan furotin da aka yi ta talla, wasunsu ba su da wata cuta sai ƙiba, kuma rikicewar bugun zuciya ce ta kashe su.

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. A Birtaniya an yi wani bincike mai suna DiRECT, aka buga sakamakonsa a 2017. An sa masu ciwon sukari a kan abincin ruwa na kalori ɗari takwas da 'yan kai a rana, na wata uku zuwa biyar, kuma bayan shekara guda kusan rabinsu sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Masu talla suna son wannan labari, amma sukan tsallake sharuɗɗansa. Garin an haɗa shi da furotin da bitamin a bisa awo. Ma'aikatan lafiya ne suka dakatar da magungunan sukari da na hawan jini tun ranar farko, suna auna mutanen a kai a kai, sannan aka mayar da su ga abinci sannu a hankali. Wanda yake shan maganin sukari ko yake allurar insulin, ya daina cin abinci shi kaɗai a gida, sukarinsa na iya faɗuwa ya sume, ko a aji ko a kan babur. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, da 'ya'yanmu mata da suke ganin hotuna a waya suna raina jikinsu, waɗannan ko kusa kada su yi.

Ba mu ce ƙiba ba matsala ba ce. Da yawanmu da muka haura arba'in mun san abin da gwiwa take faɗa. Amma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne ragin da likitoci suka fi amincewa da shi, kuma ana samunsa da rage malmalar tuwo, da ƙara ganye da wake, da barin lemon kwalba da sukarin shayi, da tafiyar ƙafa bayan la'asar. Lambar NAFDAC a jikin kwali ba ta san maganin da kake sha ba, likita ne zai sani.

Roƙonmu ga shugabannin reshe guda biyu ne: a gayyato ma'aikacin lafiya ya auna mana jini da sukari a taro mai zuwa, kuma a daina ba masu tallar waɗannan kayayyaki lokaci a tarukanmu.