Asambili Na Karɓar Kuɗi, Wa Ke Duba Lafiyar Ma'aikaci?

Iyayenmu, malamanmu, mata da samarin Zango.

Ku da kuke aiki da hannunku, kun san ma'aikacin Asambili. Duk shekara yana zuwa da rasit, ya karɓi kuɗin lasisin sana'a daga mai walda, da tela, da mai gidan burodi. To ku faɗa mana, yaushe rabon da wani ya zo ya duba wayar wuta a shagonku, ko tukunyar gas, ko ƙofar da za ku bi ku fita in gobara ta tashi?

Dokar da ke kula da masana'antu da ofisoshi da kantuna a Gana tun 1970 aka yi ta. Sufetocinta suna ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, kuma aikinsu a manyan wurare yake. Amma mutanenmu a Nima da Mamobi da Aboabo, yawancinsu a tsakar gida suke aiki. Mai dafa wake da shinkafa tana tsaye cikin hayaƙi tun asuba. Mai sabulu tana dama soda hannu tsirara, yara suna wasa a gefenta. Mai zubin tukwane yana narka dalma a bakin ƙofar ɗaki. Waɗannan duka ma'aikata ne, kuma hukumar da ta fi kusa da su ita ce Asambili.

Asambili tana da iko. Ita ke ba da takardar izinin gini. Tana da jami'an tsabta, waɗanda muke kira tankas. Tsarin mulki na 1992 ya ce a ware wa Asambiloli aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Amma kuɗin kan makara, kuma shugaban Asambili ba ku kuka zaɓe shi ba, daga sama aka naɗa shi. Wanda ba ku ɗora ba, ba zai ji tsoron ku sauke shi ba.

Mun ga abin da sakaci ke jawowa. Ran 7 ga Oktoba 2017 gas ya fashe a Atomic Junction kusa da Madina, mutum 7 suka rasu, sama da 100 suka ji rauni. Allah ya jiƙansu.

Ga abin da muka ɗaura niyya. Tankas ya zagaya shaguna da gidajen sana'a domin ya koyar, ya gargaɗa, kafin a yi maganar sammaci. Wani kaso na kuɗin lasisi ya koma sayen safar hannu da tabarau na walda da tulun kashe gobara. Kowane Asambiliman ya riƙe sunayen masu sana'a a gida na unguwarsa. Rahoton dubawa kuma a karanta shi a bainar jama'a.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, ku tambaye shi waɗannan huɗu. Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku kawo canji da ƙuri'arku.

Allah ya tsare mu a wajen neman halal.