Mu Yada Zango A Wusasa: Jawabi Ga Dattawa Da 'Yan Ikilisiya



Da yawanmu mun sha bin hanyar Kaduna zuwa Kano, mu wuce Wusasa da ke gefen Zariya ba tare da mun tsaya ba. Muna roƙonku, in tafiya ta sake kamawa, mu tsaya mu ga Majami'ar St. Bartholomew, domin tarihinmu yana wurin.

Labarin ya faro ne daga Isawa, almajiran wani malami mai suna Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa. Almajiransa suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sami Likita Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suna neman ƙarin sani. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suna noma suna sujada tare. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka musu, ya kashe mutane da yawa, ƙauyen ya tashi.

Ga idon mutum, magana ta ƙare ke nan. Amma a 1929 mishan ya bar cikin birnin Zariya ya koma Wusasa, ragowar suka sami wurin zama. Magina suka ɗaga majami'a da ƙasa, irin ginin Hausa, aka yi makaranta da asibiti. Daga wannan 'yar jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya yi ƙuruciya.

'Yan'uwa, ana gaya wa yaranmu cewa Bahaushe ba ya zama Kirista, wai baƙon abu muka ɗauko. Yaron da bai san tushensa ba, da me zai amsa? Saboda haka muna ba da shawara: kowace ikilisiya ta kai matasanta Wusasa, ta kuma zauna da tsofaffinta tun suna da rai, a rubuta wanda ya fara kawo Bishara garinsu, da shekarar, da inda aka fara taruwa.

Ƙarancinmu bai taɓa hana Ubangiji aiki ba. Ya ba mu aminci har ƙarshe. Amin.