Jawabi a Bikin Yaye Sababbin Malaman Ingilishi

 

Yau kun karɓi takardar NCE, kuma darasin da aka damƙa muku ba ƙarami ba ne. Duk wanda bai ci kiredit a Ingilishi a jarrabawa irin ta WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Shi ya sa nake so mu yi magana a kan yara maza da mata da za ku tarar a aji.

Masana sun daɗe suna tambayar yadda kowane jinsi ya fi son koyo. A 1987, Joy Reid ta binciki masu koyon Ingilishi a Amurka, ta ga maza sun fi mata son koyo ta gani da ido da taɓawa da hannu. Rebecca Oxford kuma ta lura mata sun fi yawan amfani da dabarun koyo, har da hira da tambayar abokan karatu. Amma a 2008, Harold Pashler da abokan aikinsa suka tace binciken da aka tara, ba su samu ƙwaƙƙwarar hujja ba cewa koyar da ɗalibi ta salon da ya ce yana so na ƙara masa fahimta.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Malam ya yi tambaya, samari sun ɗaga hannu har suna miƙewa. Yarinya a bencin baya ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi, alhali amsar na rubuce daidai a littafinta. Sai malam ya ce ai mata sun fi son rubutu. A'a, ba salonta ba ne. Wata rana ta furta "p" kamar "f", aji ya fashe da dariya, tun daga nan ta kame bakinta. Shi kuwa yaron da ke ɗaga hannu, kunnensa ya saba da Turancin masu sharhi a gidan kallon ƙwallo, ya gwada bakinsa a kasuwa. Ita ina ta samu wannan dama? Shi ma ana cutarsa, domin bakinsa na zuba, insha'insa kuwa babu kai babu gindi, an ƙyale shi wai namiji ba ya zama.

Don Allah ku kira yarinyar da sunanta, ku jira ta ko da minti ɗaya ne, ku hana dariya tun ranar farko. Ku raba ɗaliban ƙananan rukuni inda murya ba ta rawa. Shi kuma ku buɗe littafinsa kowane mako, ku sa jan biro.