JAWABI A KAN HAƊA HANNU DA GWAMNATI DOMIN ILIMIN 'YA'YANMU

Kwamitin bikin cika shekara 50 ya roƙe mu mu yi magana a kan makaranta.

Haɗa hannu da hukuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. A shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, En'e ta ba mishan na SIM riƙon asibitin kutare na Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari. En'e tana ba da kuɗi, mishan yana kawo ma'aikata, kuma a can yara da dama suka koyi karatu da rubutu.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, a 1976 kuma aka soma shirin UPE. Kada mu yi butulci, UPE ta kai makaranta ƙauyukan da mishan bai taɓa takawa ba. Sai dai yara sun fi ƙarfin malamai, ginin kuma ya zama marar mai shi. In iska ta yaye kwano, kowa ya ce na gwamnati ne, damina ta wuce yara suna zaune a ƙarƙashin itace. Jihar Legas ta mayar da waɗansu makarantu ga masu su a 2001. Anambra ta yi haka a 2011, gwamnati kuwa ta ci gaba da biyan albashin malamai.

Mu a Tsaskiya ba wannan muke nema ba. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba 2020, iyaye da yawa a gefen Dajin Rugu suna tsoron makarantar kwana, 'yan mata kuwa su ne aka fara tsayarwa a gida. Muna bukatar ajujuwa kusa da gida.

Shawararmu ita ce, mu buga tubali bayan kaka mu gina, hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta ba mu malamai masu takardar NCE. Ƙofa ta zama a buɗe ga 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. Kuɗin makaranta kada ya fi ƙarfin gwauruwa, in ya fi, kasuwa muka buɗe. Kuma a rubuta yarjejeniyar a sa hannu, gama shugabanni suna sauyawa. Muna roƙon dattawa su fara da neman takardar fili kafin a haƙa harsashi.