Jawabin Bikin Cika Shekara: Bashin da Aka Yafe Mana

 

Ma'aji ta karanta mana lissafin shekara, mun ji, mun tafa. Amma akwai wani lissafi da ba ya shiga littafinta, shi ne wanda muke riƙewa a zuci. A kansa aka ce mu yi magana yau.

Duk mun san abin da ya same mu bara. Wata 'yar'uwarmu ta kwashi adashi da wuri, daga nan zubinta ya tsaya. Waɗanda ke ƙarshen layi suka shiga uku. Akwai wadda ta sa ran kuɗin makarantar yara, akwai wadda ta so saro hatsi lokacin kaka tun yana araha. Zafin gaskiya ne, kada mu ɓoye. To amma me muka yi? Muka daina gaishe ta a kasuwa. A coci in ta zauna a benci, sai mu matsa. Har yaranta muka ɗaure wa fuska, su da ba su ci ba, ba su sha ba. Kuma kowace Lahadi muna buɗe baki mu yi Addu'ar Ubangiji, muna roƙon Allah ya yi mana gafara irin wadda muke yi wa mutane. Mata, da ya amsa mana daidai da roƙonmu, ina za mu sa kanmu?

A Matiyu sura 18, Bitrus ya tambayi Yesu ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa. Yesu ya kai masa lissafin har bakwai sau saba'in. Mu 'yan kasuwa mun iya lissafi, 490 ke nan. Wace ce za ta zauna tana ƙirga laifin mutum har 490? Abin nufi, a daina ƙirgawa.

Sai ya ba da misalin wani bawa da sarki ke bi talanti 10,000. Ya durƙusa ya yi roƙo, sarki ya yafe masa duka. Fitarsa ke da wuya, ya gamu da abokin aikinsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. A zamanin, dinari ɗaya ladan lebura ne na yini guda, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne. Ku duba: an yafe masa abin da ko jikokin jikokinsa ba za su gama biya ba, shi kuma ya kasa haƙura da ladan wata uku da 'yan kwanaki. Da sarki ya ji, ya sa aka dawo da shi ya hukunta shi. Wannan bawan mu ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a gaban Allah babu wadda ba a bi.

Wata za ta ce, to shi ke nan, kowa ta ci kuɗin ƙungiya ta tafi, mu ce mun yafe? A'a. A cikin surar nan dai Yesu ya nuna hanya: ki je ki same ta ku biyu, in ba ta ji ba ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai gaban ikilisiya. Bai ce a kai maganar rumfa-rumfa ba, mu kuwa nan muka fara kai ta. Ku tuna da Zakka a Luka sura 19, da ya tuba ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Tuba na gaskiya yana tafiya da mayar da hakki. Littafin ma'aji yana nan, doka tana nan. Abin da za mu yaga shi ne littafin gaba.

Daga baya mu uku muka je gidanta. Muka tarar maigidanta ya daɗe a kwance, jarinta duk ya tafi a magani, kunya ce ta hana ta faɗa. Ta yi laifi da ta yi shiru, ta kuma amsa laifinta. Mu ma muka roƙe ta gafara a kan abin da bakinmu ya yi mata. Yanzu tana biya kaɗan-kaɗan duk ranar kasuwa, ana rubutawa.

Mun san akwai waɗanda har yau abin na musu ciwo, kuma ba ma ganin laifinsu. Wasu ma abin da ke ransu ya fi kuɗi nauyi: kishi, gado, ko ɗan'uwa da aka rasa a rikici. Ba a yini ɗaya ake warkewa ba. Yusufu ma sai da ya gwada 'yan'uwansa, ya yi ta kuka, kafin ya bayyana musu kansa. Amma Ubangijinmu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ba su ma roƙa ba tukuna. A fara da yi wa mutum addu'a, ko da murya na rawa. Gaisuwa za ta biyo baya.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, su koma su zauna a baki ɗaya. Roƙonmu ɗaya ne: kafin a raba abinci, duk wadda ta san akwai 'yar'uwar da ba ta yi wa magana a ɗakin nan, ta tashi ta je ta gaishe ta. Kada mu ɗauki gaba mu shiga da ita sabuwar shekara.

Allah ya ba mu zuciyar gafara, ya sa albarka a sana'o'inmu da gidajenmu, cikin sunan Yesu. Amin.