Tsuntsayen Gulbin Maraɗi da Amanar da ke Kanmu



Malamaina, iyayena, ƴan uwana matasa maza da mata, ina godiya da kunka ba ni wannan dama ranar bikinku. An ce in yi magana a kan ɗan aikin da muke yi, mu da mutanen unguwa ke kira masu bin tsuntsaye. Ba mu da yawa, ba mu da biro. Fadarmu ita ce wurin taronmu, kayan aikinmu kuwa kaye da bik da madubin hangen nesa guda da muke karɓa-karɓa.

Bari in fara da tambaya. Ɗan uwa, yaushe rabonka da ganin ungulu bisa mahauta? Tambayi kakanka, zai gaya maka da can sai an kore su. Hausawa sun ce ungulu ba ki jewar banza, kuma gaskiya ne, ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. A shekarar 2015 masana na duniya sun sa ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe na kashe ta, masu sayar da kanta da ƙafafunta don tsibbu suna farautarta. Wannan ne ya tayar da mu.

Aikinmu yana bin shekara ne yadda manomi ke bin ta.

In bazara ta yi, wajen Afirilu zuwa Mayu, muna jiran shamuwa. Daga kudancin Afirka take dawowa, ta yi sheƙa bisa manyan itatuwa tsakiyar gari, manomi ya fara gyaran gona. Mukan hau babur mu tafi Tibiri da ƙauyukan gefenta, mu ƙirga sheƙa, mu rubuta icen da take kai, ko tsamiya ne ko gawo. Mu gaida mai gida, mu roƙe shi kada a sare icen. Shamuwa fara take ci da tsutsa, ke nan ma'aikaciyar gona ce da ba a biyanta ko dala.

Da damana, ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai wadda kuma ita ce ranar dashen itatuwa a ƙasarmu, muna dashe tare da kowa. Amma dashe ba shi ne wuya ba, reno ne. Nan ina son ku yi alfahari da jiharku. Tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo ke aiki nan Maraɗi, manomanmu sunka koma barin kututture ya tofo, a rage rassa, a bar masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara an samu itatuwa kimanin miliyan 200 bisa eka ta faransa miliyan 5 a kudancin Nijar, har ƙasashen waje suna zuwa koyo. Inda ice ya dawo, kurciya da hasbiya da alhudahuda suna dawowa.

Da kaka muna zuwa Jiratawa, wurin masu noman rani da lambunan zogale. Can magana takan yi zafi, don manomi ya san ɓarnar jan-baki bisa hatsi, kuma ba mu musa masa. Abin da muke cewa shi ne a bambanta. Balbela da ke bin shanu da garma ƙwari take tsinta. In ka watsa guba ba lissafi, da mai ɓarna da mai taimako duk ka kashe, wata rana har kajin gidanka.

Lokacin ɗari, tsakiyar Janairu, ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama na duniya, abin da aka fara tun 1967. Mu ma mukan yi sammako bayan asuba mu nufi tabkin Madarunfa. Can za ka ga kirinjijiya da zalɓe, ka ga ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da sunka ƙetaro Sahara daga Turai don su sha ɗari wurinmu. Wallahi, in ka duba ɗan abin da bai kai tafin hannunka ba, ka tuna tafiyar da ya yi, sai ka yi tasbihi. Baƙo ne, kuma mun san haƙƙin baƙo. Ranar 2 ga Fabrairu, ranar fadamu da tabkuna ta duniya, muna zama mu karanta abin da munka rubuta cikin shekara, mu gwada da na bara.

To, mi nike roƙo gare ku? Abu uku.

Na farko, ku da ke karantar da yara a makarantun allo da islamiyya, ku yi musu magana a kan danƙo. Yaro ya harbe tsuntsu don wasa ya yar, ko ya kwashe ƴaƴa daga sheƙa, wannan ba tarbiyyar da munka gada ba ce.

Na biyu, kowace fada ta ɗauki ice guda mai sheƙa a unguwarta ta tsare shi. In an zo sara, a je da ladabi wurin mai unguwa ko ma'aikatan gandun daji.

Na uku, ku ba mu mutum biyu ko uku da za su bi mu Madarunfa a Janairu mai zuwa. Zuwa da kai ya fi aike. Ba a neman takardar lakwal, haƙuri da iya yin shiru kawai ake so.

Iyayenmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari, har Maraɗi ta hau tudu. Gulbin nan da ya tayar da su shi ne ke ciyar da mu har yau, mu da dabbobi da tsuntsaye. Kada ƴaƴanmu su san shamuwa da ungulu a bakin karin magana kaɗai.

Allah ya albarkaci wannan ƙungiya, ya ba mu damana mai albarka. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, kuskurena kuma ku gafarce ni.