Sayen Na'ura Daban, Gyaran Tsarin Aiki Daban

Jama'a, 'yan'uwa masu neman halali a Ikko da Badun da sauran biranen Kudu, jawabin yau ya shafi abin da malaman jami'a suka gano game da shigar kwamfuta cikin kasuwanci.

A shekarar 1987, Robert Solow, shehun malamin tattalin arziki a Amurka, ya lura cewa kwamfuta ta cika ofisoshi, amma lissafin amfanin da ma'aikata ke samarwa bai nuna wani ƙari ba. A 1990 sai Paul David na Jami'ar Stanford ya kawo bayani daga tarihin lantarki. Tun wajen 1882 aka fara sayar da wutar lantarki a New York, amma masu masana'antu suka cire injin tururi kawai, suka kafa babban injin lantarki a gurbinsa, suka bar kome yadda yake. Sai bayan 1920, da aka ba kowace na'ura ƙaramin injinta, aka sāke fasalin masana'antar baki ɗaya, sannan riba ta bayyana.

Haka kuma a 2015, mujallar MIT Sloan Management Review da kamfanin Deloitte suka tambayi shugabanni da ma'aikatan kamfanoni fiye da 4,800. Abin da suka samu shi ne, kamfanonin da suka yi nisa sun bambanta da na baya wajen tsari bayyananne da horar da ma'aikata, ba wajen yawan na'urori ba. Kamfanin Kodak ya isa misali. Injiniyansa, Steven Sasson, shi ya ƙera kyamara marar fim a 1975, amma shugabanni suka riƙe cinikin fim, har kamfanin ya durƙushe a 2012.

Wannan darasi bai tsaya ga manyan kamfanoni ba. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, dillalan tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 sun ga yadda ciniki ya koma ta waya. Na'urar POS kaɗai ba ta hana asara. Dole ɗan kasuwa ya ware asusun ciniki daga na gida, ya tabbatar kuɗi sun shiga kafin kaya su fita, ya kuma koya wa yaron shagonsa rubuta kowane ciniki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa a dace.